TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 11): Aikin gadi a filin ƙwallo da ƙaton Wycombe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya a inda na tattara komatsaina na bar Landan na koma gidan Kawu a High Wycombe, to yau daga nan zamu ɗora. Masu cewa ina ja musu rai ku yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina shiyasa na makara.

Ƙarshen 2016 ne, wanda ya san abin da ya samu naira a shekarar ba sai na yi masa dogon bayani ba, kuɗin da ake turo min daga gida in an canza su zuwa fam sai ka ga sun zama abin tausayi, ga bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati in ana karatu, don haka duk abin da ya samu kamawa kake yi. Wata ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallacin Jubilee Road Kawu yace min "kai yaro, ba kai ne mayen ƙwallo ba? Ana ɗaukar masu gadi a filin garin nan, ka je ka gwada, ko ba komai ka huta da zaman ɗaki." Nace Kawu wane fili kuma, garin nan akwai kulob ne? Yayi dariya yace shekara nawa yana garin bai taɓa shiga ba amma duk ranar Asabar ɗin da suke wasa yana ganin go-sulo.

Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, a gidan kallon unguwarmu har benci na gareni, kuma a iya saninmu a can ƙwallon Ingila kulob 20 ne, shikenan. Ashe 20 ɗin nan su ne kawai saman. A ƙarƙashin Firimiya akwai Championship mai kulob 24, sai League One 24, sai League Two ita ma 24, gaba ɗaya 92 kenan kuma duk ƙwararru ne, sana'arsu kenan ba wai sha'awa ba, a rukunai ukun nan na ƙasa kowa wasa 46 yake bugawa a kaka banda na kofi. A ƙasan waɗannan ma akwai wasu rukunan da ba su ƙirguwa. Wycombe Wanderers a lokacin tana League Two, wato bene na huɗu, kulob ne da aka kafa tun 1887 amma sai a 1993 ya samu shiga cikin 92 ɗin nan a hannun koci Martin O'Neill. Chairboys ake musu kirari saboda garin ya yi suna da ƙera kujeru tun da.

Filin nasu Adams Park sunansa, in baka sani ba zaka rantse ka ɓata hanya, don sai ka ratsa ta cikin unguwar masana'antu da sito sito, hanya ɗaya ce tal ta shiga kuma ita ce ta fita, can ƙarshe inda kwalta ta ƙare sai ga fili a gindin tudu, bishiyoyi sun kewaye shi, shirwa na ta shawagi a sama. Mutum wajen dubu 10 yake ci, amma a wasannin da muke yi a League Two ko rabi da ƙyar ake kaiwa sai in babban baƙo ne ya zo. Aikinmu kuwa a baka rigar nan mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli, a tara ku kafin a buɗe ƙofa a faɗa wa kowa inda zai tsaya, kuma babbar doka ita ce bayanka ne yake kallon fili, fuskarka tana kallon jama'a. Ka ji fa, mayen ƙwallo an kawo shi har bakin layi sannan ance ya juya baya. Gaskiya dai ina satar kallo, kowa ma yana yi.

Sanyi kam ba a magana. Ƙarfe 3 na rana ake take wasa ranar Asabar, a watan Disamba kuma kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, wato magariba tana shigowa ne daidai hutun rabin lokaci, sai in roƙi wani dattijo Bature da muke tsayuwa tare ya riƙe min wajena, in zaga bayan rumfa in shimfiɗa kwali, yatsuna sun ƙandare ko ɗaura igiyar takalmi bana iya yi, ina sallah ina jin ƙanshin albasa daga wajen masu sayar da burodi da nama, in idar in karɓi shayi a kofin takarda in koma. Dattijon nan tun yana yaro babansa yake kai shi kallon Wycombe a tsohon filinsu kafin su dawo nan a 1990, bai damu da Man U ko Chelsea ba ko kaɗan, in ka yi masa maganarsu kallonka kawai zai yi.

To a nan na fara ganin mutumin da yasa na ware kashin yau kacokan. Ranar farko da 'yan wasa suka fito ɗumama jiki na hango wani baƙin mutum mai faɗin ƙirji, damatsansa sun cika hannun riga taf, na ɗauka cikin masu tsaron lafiyar 'yan wasa ne ko mai horar da su ɗaga ƙarfe, sai naji jama'a sun ɗauki ihu suna kiran Bayo Bayo. Dattijon yace min ai ɗan ƙasarku ne, shine ɗan gabanmu. Adebayo Akinfenwa kenan, cikakken sunansa Saheed Adebayo Akinfenwa, a Landan aka haife shi a watan Mayun 1982, iyayensa Yarbawa ne daga Najeriya, babansa musulmi mamarsa kirista. Nauyinsa ya haura kilo 100, tsayinsa kuma ba wani can ba. Masu buga gem ɗin FIFA sun san shi, shekara da shekaru shi aka dinga ba maki mafi yawa a wajen ƙarfi, har ake ce masa The Beast.

Da yawa a waje abin dariya suka ɗauke shi, abokina Bala (ba sunansa na gaskiya ba kenan) da na tura masa hoto cewa yayi "mutumina wannan ai ɗan dambe ne, a kawo shi gidan damben Ado Bayero kawai." Amma wanda ya tsaya kusa da layi ya ga yadda yake wasa ba zai yi wannan maganar ba. Gola zai dako ƙwallo sama tun daga gida, Bayo ya riga ya kafa ƙafa ya jingina bayansa da ɗan baya, ɗan bayan yana turi yana jan riga yana duk abin da zai iya, sai kace yaro yana ture buhun masara, shi kuwa ko gezau, ƙwallo ta sauka a ƙirjinsa ta kwanta lakadan kamar an ajiye ta da hannu, ya jira 'yan gefe su taho da gudu sannan ya sakar musu. Baya gudu, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani, amma ya san inda ƙwallo zata faɗo kafin kowa, kuma in aka yi kwana ko aka kwaso daga gefe to gola sai addu'a don kansa baya kuskure sosai. Kocinsu Gareth Ainsworth, wani mai dogon gashi da yake waƙa a ƙungiyar makaɗa in ba ranar wasa ba, akan Bayo ya gina wasan gaba ɗaya. Masu son tiki taka zasu ce wannan ba ƙwallo ba ce, ni kuma nace kulob ɗin da a lokacin magoya baya ne suke riƙe da shi da ɗan abin da suke tarawa, babu wani attajirin Larabawa a bayansa, da abin da yake hannunsa zai yi yaƙi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shine da na bi tarihinsa. Yaro ne da ya taso a matasan Watford basu riƙe shi ba, yana ɗan shekara 18 zuwa 19 wakilinsa ya samo masa kulob a Lituweniya, FK Atlantas a garin Klaipeda, inda kusan babu baƙar fata ko ɗaya, shi da bakinsa ya sha ba da labarin irin waƙoƙin wariyar da aka dinga yi masa a filin har da magoya bayan kulob ɗinsa. Ya daure ya zauna. Daga nan ya dawo Barry Town a Wales a 2003, suka ci gasar ƙasar, sai kuɗi suka ƙare wa kulob ɗin aka sallami 'yan wasa. To daga nan ne fa yawo ya fara, Boston United, Leyton Orient, Rushden & Diamonds, Doncaster, duk a cikin kaka ɗaya, wani wajen wata guda kawai zai yi a ce an gode. Sai a Torquay ya samu ya zauna kaka cikakkiya ya zura ƙwallaye, Swansea suka gani suka ɗauke shi a 2005. A can shi ya ci ƙwallon farko ta gasa a sabon filinsu Liberty, ya ci a wasan ƙarshe na kofin ƙananan kulob da suka doke Carlisle a 2006, sannan a wannan shekarar dai ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na neman hawa Championship da Barnsley, shekara ta zagayo kuma ƙafarsa ta karye. Ya warke ya je Millwall bai ci ko ɗaya ba, ya tafi Northampton, ya koma Gillingham, ya dawo Northampton, ya sake komawa Gillingham, sannan AFC Wimbledon a 2014.

Ni da farko na ɗauka rashin zama waje ɗaya halinsa ne, sai wani yaro Bature da muke aikin dare tare a sito ranakun da ba wasa ya wayar min da kai. Shi ma ɗan ƙwallo ne, tun yana firamare yake makarantar horon wani kulob, yana 16 suka bashi shekara biyu ta gwaji, yana 18 koci ya kira shi ofis minti biyar bata cika ba yace masa ba za a bashi kwantiragi ba, yanzu yana buga wa wani ƙaramin kulob na ƙasa da 92 ɗin nan, atisaye da daddare ranar Talata da Alhamis, wasa ranar Asabar, sauran ranaku yana jan kwali tare dani. Muna zaune akan katako muna cin abinci wajen ƙarfe biyun dare yake min bayani cewa a ƙananan rukunai kwantiragin shekara ɗaya ake bayarwa, in ka yi sa'a biyu, kuma duk ƙarshen watan Yuni suke ƙarewa. Da an gama kaka a watan Mayu kowane kulob zai fitar da takardar waɗanda ya riƙe da waɗanda ya saki, ɗaruruwan 'yan wasa ne suke wayar gari babu aiki a sati ɗaya, mutum da matarsa da 'ya'yansa a makaranta da bashin gida a banki, sai ya zauna yana kallon waya ko wani koci zai kira, in an kira ma ƙila daga ɗaya ƙarshen ƙasar ne, ko dai ya kwashe iyali ko ya dinga tuƙin awa uku kullum. Albashin kuma ba irin wanda muke ji a rediyo bane, rufin asiri ne kawai, abin da babban ɗan wasan Firimiya zai ɗauka a sati wani a League Two sai ya shekara yana gumi bai gan shi ba, shiyasa in sun ajiye takalmi zaka gansu suna aikin famfo ko wayarin ko tuƙin mota ko koyar da yara. Yace min "in ka ga mutum ya shekara goma a wannan rayuwar ka gaishe shi." Bayo kuwa sama da shekara 20 yayi.

Kulob ɗin kansu ma ba tsira suka yi ba. Rushden & Diamonds da ya taɓa bugawa ta rushe a 2011, Bury da ta taɓa cin kofin FA har sau biyu an kore ta daga gasar a 2019 saboda bashi. Wycombe ɗin ma a 2014 saura ƙiris ta faɗo daga cikin 92, sai a ranar ƙarshe ta je Torquay ta ci 3-0 Bristol Rovers ta faɗi a madadinta, dattijon nan in yana ba da labarin ranar har yanzu muryarsa rawa take.

Yadda Bayo ya zo Wycombe ma labari ne. A Wimbledon ne duniya ta fara saninsa sosai, Janairun 2015 aka haɗa su da Liverpool a kofin FA, shi kuma ɗan Liverpool ne na gani kashe ni, ya zura musu ƙwallo ɗaya, Gerrard ya ci biyu aka tashi 2-1. Sai ranar 30 ga Mayun 2016 a Wembley, wasan ƙarshe na neman hawa League One da Plymouth, an riga an faɗa masa ba za a sabunta masa kwantiragi ba, ya shigo daga benci, suna gaba da ci ɗaya aka samu fenariti can cikin ƙarin lokaci, har sai da suka ɗan yi jayayya da abokin wasansa akan wa zai buga, ya karɓe ya zura, 2-0. Ana tashi ɗan jarida ya miƙa masa makirfo a tsakiyar fili, sai ya faɗa wa duniya cewa shi fa daga yanzu bashi da aiki, duk kocin da yake so ya neme shi ta WhatsApp. Mutane suka yi ta dariya ana yaɗa bidiyon, amma bayan abin da yaron sito ya faɗa min na gane ba wasa yake ba, neman aiki yake yi da gaske, yana da shekara 34 a lokacin. Ainsworth ya neme shi, ya sa hannu, kowa yana cewa shekara ɗaya zai yi ya ajiye. Shekara shida yayi.

Kakar farko da na yi aiki abin da ba a mantawa shine zuwa White Hart Lane, filin Tottenham na lokacin, a kofin FA a Janairun 2017, ban samu zuwa ba ina sito, a waya nake bi, Wycombe ta sha gaban Tottenham 2-0 kafin hutu, aka dawo aka yi ta ɗauki ba daɗi har Son ya ci ta ƙarshe a ƙarin lokaci aka tashi 4-3, ni ɗan Arsenal kun san yadda na so a ce an fitar da Tottenham ranar, wallahi abincin dare ma ban iya ci ba. Kaka ta biyu, 2017/18, ita ce mai daɗin. Bayo yana 35 shi ya fi kowa cin ƙwallo a kulob ɗin, wasanninmu na gida kuma hawan jini ne zalla, a ci mu mu rama a minti na 90, jama'a su yo kan allunan talla mu kuma muna tare su da hannu alhali mu ma tsallen muke son yi. A League Two ukun farko ne suke hawa kai tsaye, na huɗu zuwa na bakwai su yi wasan cike gurbi, Wycombe ta ƙare ta uku, a gidan Chesterfield aka tabbatar da hawan a ƙarshen Afrilun 2018. Daga lokacin Kawu da kansa ya fara tambayata "yau ƙaton naku ya ci kuwa?"

Bari in ɗan tsallaka gaba in ƙarasa muku nasa labarin tunda ba lallai mu sake dawowa kansa ba. A 2020 korona ta tsayar da League One ba a ƙarasa ba, aka yi lissafin maki gwargwadon wasan da kowa ya buga, lissafin ya ɗaga Wycombe daga ta takwas zuwa ta uku, wasu kulob ɗin har yau suna jin haushin abin. Suka fitar da Fleetwood, sannan ranar 13 ga Yuli suka haɗu da Oxford a Wembley babu ɗan kallo ko ɗaya, Joe Jacobson ya ci fenariti saura minti goma sha ɗaya, 2-1, Wycombe ta hau Championship karon farko a tarihinta. A daren ina ta kiran Bala shi kuma yana can yana kallon Man U da Southampton yana cewa in ƙyale shi da wasan ƙauye. Bayo yana da shekara 38 ranar, hirar da yayi bayan wasa ta zaga duniya har Klopp, kocin Liverpool a lokacin, ya turo masa saƙon bidiyo na taya murna. Shekara ɗaya suka yi a Championship suka dawo, amma ya samu ya ci ƙwallonsa a rukunin, fenariti a ragar Bristol City. Wasansa na ƙarshe ma a Wembley ne, 21 ga Mayun 2022, da Sunderland a gaban mutum sama da dubu 70 yawancinsu 'yan Sunderland, ya shigo daga benci a ƙarshe ƙarshe, aka ci su 2-0, ya ajiye yana da shekara 40. Bai taɓa buga Firimiya ko minti ɗaya ba, Ingila bata taɓa kiransa ba, Super Eagles ma haka, amma ya ci ƙwallo sama da 200 a rayuwarsa, kuma shine wanda ya fi kowa ci wa Wycombe tun shigarta cikin 92.

Mu dawo 2018. Ana gama bikin hawa League One aka rufe fili sai Agusta, mu masu gadi babu wasa babu kuɗi, na koma sito gaba ɗaya tunda hutu ne an yarda in yi cikakken aiki. Azumi ya kama a tsakiyar Mayu, ga dogon yini, sai wajen ƙarfe 9 ake shan ruwa, ga rubutun kammala digiri a gabana ban ko kai rabi ba. Ana cikin haka wata ranar Litinin na dawo da asuba na tarar Kawu zaune a falo bai koma barci ba, da wata ambulan mai ruwan ƙasa akan tebur da sunana a jiki, yace "zauna yaro, maganar bizarka ce." Abin da ke cikin takardar da yadda muka kwashe da Kawu sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.